DABINO A CIKIN KWALBA: INA RABON TALAKA?

Duk wanda ya shiga kasuwar Mai'aduwa ko ta Daura in azumi ya matso ya san inda jama'a ke cunkoso, wurin masu dabino ne. Mai gida ya zo da 'yan kuɗinsa a ƙulle, ya taya mudu, ya ji farashi, ya ja da baya, ya dawo ya ce a auna masa gwangwani guda don yara su sami abin buɗe baki. Mai sayarwa kuwa ba mugunta ya ke yi ba, shi ma haka ya saro. A tambaye shi daga ina kayan nan suka fito, zai ce wannan na Agadas ne, wannan ɗan Mali, wancan daga Aljeriya ya ratso hamada, na cikin kwali kuwa daga Saudiyya. To, na ƙasar Daura fa? Sai ya yi dariya.

Mu kam abin bai ba mu dariya ba. A watan Agusta na 2019 Gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, 'yan kasuwarmu na Kongolam da Mai'aduwa da Zango sun san abin da suka gani. A 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka sake garƙamewa, ba a ba da umurnin buɗe ɓangaren Nijeriya ba sai ran 13 ga Maris 2024, bayan azumi ya riga ya kama. A cikin wannan tsakani darajar naira ta zube, sefa ta hau kanta. Watau abin da talaka zai sa a bakinsa in an kira magariba ya rataya ga rigimar manya da canjin kuɗi, alhali kuwa itacen nan na zafi ne da rani, abubuwa biyu da Allah ya hore mana su ba awo.

Kada wani ya ce lalaci ne ya hana mu. Ba lalaci ba ne, caca ce manomi ya ƙi shiga, kuma yana da hujja. Dabino itace ne mai namiji da mace, macen kaɗai ke haihuwa. In ka shuka ƙwallo ɗari, kusan hamsin maza za su fito, ba ka kuwa da hanyar gane su da ido sai ran da suka yi fure, bayan shekara biyar ko shida ko fiye. Ka yi ta ban ruwa, ka yi shinge saboda awaki, ka hana wurin gero, rana tsaka ka tarar rabin gonarka ƙartai ne, ga shi kuwa namiji guda ya ishi mata hamsin in ana barbara da hannu. Matan da suka fito su ma ba lalle su gaji uwarsu ba. Ka sha dabino mai zaƙi kamar zuma, ka binne ƙwallonsa, 'yarsa ta ba ka abu busasshe mai bauri wanda ba mai taya shi. Wane mai iyali ne zai jingina shekara shida ta rayuwarsa a kan wannan?

Tun zamanin da masu dabino sun san maganin abin, watau su cire ɗan da ke tsirowa a gindin uwa su dasa, gama shi kam uwarsa ce sak, jinsinta da zaƙinta. Amma uwa ba ta ba da irin 'ya'yan nan sai tana da ƙuruciya, duk rayuwarta da ƙyar ta wuce ashirin zuwa talatin, waɗansu kuma su mutu bayan dashe. Saboda haka ɗan gindi na iri mai kyau ya zama kayan masu hali. Ga misalin yadda ya ke da daraja: a 1927 wani masanin tsirrai na Amurka, Walter Swingle, ya ɗauko 'ya'yan gindi 11 na dabinon Majhul daga Maroko, aka killace su shekaru a wani lungun hamada don tsoron cuta, 9 suka rayu. Daga waɗannan taran ne gonakin Majhul na Amurka suka samo asali. Shekaru da yawa aka ɗauka ana jiran uwa ta haihu, 'ya ta girma ita ma ta haihu.

To, wannan jiran ne masana suka sami dabarar gajarta shi, kuma shi ne dalilin rubutunmu na wannan mako. Muna so kowane ɗan jam'iyya ya fahimci dabarar da kansa, don kada gobe wani mai babbar riga ya zo ya ruɗe shi da Turanci.

Ga yadda a ke yi. A zaɓi uwa wadda aka san 'ya'yanta, a ciro ɗan gindinta, a yi ta ɓare ganye ɗaya bayan ɗaya har a kai can tsakiya, inda wata farar tsoka mai taushi ta ke, wadda daga gare ta sabon ganye ke fitowa. A wanke ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a yanyanka ta ƙanana, a ɗora kowane yanki a cikin kwalba bisa wani abinci daskararre mai kama da kafaffen koko. A cikin abincin nan akwai sukari, da gishirin taki iri iri gwargwado, da bitamin, da sinadaran da ke umurtar tsiro ya yi toho ko ya yi saiwa. Kwalbar da abincin sai an dafa su a tukunyar turiri mai zafin digiri 121, mai aikin kuma a gaban iska tatacciya ya ke zama, gama in ƙwayar fumfuna guda ta faɗa ciki, ita za ta cinye abincin ta kashe tsiron. A ajiye kwalaben a ɗaki mai sanyi daidai, da fari cikin duhu, daga baya a ƙarƙashin fitila. Tsokar nan ta kumbura, ta fid da 'yan tsirrai cunkus. A raba su a sababbin kwalabe, kowanne ya sake fid da waɗansu, a sake rabawa, haka haka bayan kowane mako huɗu zuwa shida. Da sun yi yawa sai a sake musu abinci su yi saiwa.

Saura yaye, nan ne kuwa wuyar aikin ta ke. Tsiron da ya tashi a kwalba ɗan gata ne, bai san rana ba, bai san iskar hunturu ba, bai taɓa neman abinci da kansa ba. In aka fid da shi kai tsaye aka kai gona, kwana biyu ya bushe. Sai an sa shi a leda cikin rumfa mai laima, ana rage masa gata kaɗan kaɗan har watanni. Ga dabino, daga yanka zuwa dashen da ya isa gona a kan ci shekara biyu ko fiye. Amma a ƙarshe, daga ɗan gindi guda a sami dashe dubbai, dukansu mata, dukansu irin uwarsu, su fara haihuwa bayan shekara uku zuwa biyar da dasawa.

Ba tsafi a ciki, ba kuma sabon abu ba ne. Tun 1902 wani masani a ƙasar Ostiriya, Gottlieb Haberlandt, ya ce kowace ƙwayar halitta ta jikin tsiro tana ɗauke da ikon zama cikakken tsiro. Ya gwada bai dace ba. A 1952 Faransawa biyu, Morel da Martin, suka gano cewa cutar bairos ba ta kan kai can ƙarshen tsinin toho ba, saboda haka in an yanko tsinin kaɗai aka rene shi, sai a sami lafiyayyen tsiro daga uwa mai cuta. A 1957 Skoog da Miller a Amurka suka nuna cewa sinadarai biyu ne ke jan ragamar abin, in wannan ya rinjaya a sami saiwa, in wancan ya rinjaya a sami toho. A 1958 Steward ya tayar da cikakken karas daga 'yan ƙwayoyin jikin karas, da taimakon ruwan kwakwa, wannan dai da mu ke sha a tasha. A 1962 Murashige da Skoog suka tsara haɗin abincin da har yau shi ne aka fi aiki da shi a duniya. Ku duba shekarun nan da kyau. Lokacin da iyayenmu ke fafutukar karɓar mulkin kai ne aka gama aza harsashin ilmin nan. Ya girmi yawancin masu karanta wannan jarida, amma har yanzu bai iso Baure ba.

Waɗansu ƙasashe ba su tsaya kallo ba. Maroko, wadda cutar Bayud ta kashe mata dabino fiye da miliyan 10 cikin ƙarni guda, da dashen kwalba ta ke mayar da gonakinta, har ta ɗaura niyyar dasa miliyan 3 a ƙarƙashin shirin noman da ta fara a 2008. Daular Larabawa ta buɗe ɗakin wannan aiki a jami'arta ta Al Ain a 1989. Wanda ya fi ba mu haushi shi ne na Namibiya, can kudancin Afirka, ƙasar da ba a san ta da cinikin dabino ba. A shekarun 1990 ta shigo da dashen kwalba tare da taimakon hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta dasa a bakin madatsun ruwanta, ga shi yau tana sayar wa ƙasashen waje. Su ba su gaji dabino ba. Mu da mu ke buɗe baki da shi kaka da kakanni, mu ne masu jiran mota daga Agadas.

Kada kuma a ce mana Nijeriya ba ta da masana. Cibiyar binciken kwakwar manja, NIFOR, tana da reshe a Dutse wanda aikinsa dabino ne, an tara iri iri a can, masanan wurin ma sun daɗe suna faɗin cewa a ƙasar nan dabino kan haihu sau biyu a shekara, da rani da damina, abin da ba kasafai a ke samu a ƙasashen Larabawa ba. A Kazaure, nan maƙwabtanmu, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba, an kafa ɗakin renon tsiro a kwalba a cibiyar bincike ta Jihar Jigawa, malamai sun reni rake a ciki har sun rubuta abin da suka samu. A Ibadan akwai IITA tun 1967, inda a ke ajiye irin rogo da doya da ayaba a kwalabe ana rarraba wa ƙasashe. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar binciken aikin gona da masu wannan sani. Hukumar tarayya mai kula da wannan fanni, wadda aka kafa a 2001, ta buɗe cibiya a Katsina. Ilmi yana nan, gine-gine suna nan, ana kuma ware kuɗi a kasafi kowace shekara da sunan noma. Abin da ya ɓace shi ne hanyar da ta taso daga bakin kwalba ta iso gonar mai kadada guda a Sandamu.

Ba dabino kaɗai abin ya shafa ba. Duk amfanin da a ke dasawa da jikinsa, ba da ƙwaya ba, yana gadon cutar uwarsa. Manomin rogo ya karɓi itacen rogo wurin maƙwabci, bai sani ba har da cutar da ke murɗe ganye ya karɓo, baɗi shi ma ya ba wani. Haka yaɗon dankali, haka gaɓar rake a fadama. Shekara bisa shekara iri yana gajiya, amfani yana raguwa, manomi yana cewa ƙasa ce ta mutu, ya ci bashi ya ƙara taki. Sau da yawa ba ƙasar ba ce, irin ne ke ciwo. Tsinin tohon nan da Faransawa suka gano shi ne wankan da ke raba iri da cutarsa. Sai dai fa a sani, wanka ne, ba rigakafi ba. Farin ƙuda da sauran ƙwari za su sake kawo cutar bayan 'yan shekaru, don haka tilas a riƙa sabunta iri, tilas kuma wurin sabuntawar ya kasance kusa.

Tun da ba talla mu ke yi ba, bari mu faɗi inda kwalba ba ta da amfani. Gero da dawa da maiwa, abincinmu na kullum, ba su bukatarta, ƙwayarsu ta ishe su. Duk wanda ya zo muku da zancen geron kwalba, ku riƙe aljihunku. Dabino kuma, ko daga wace kwalba ya fito, mashayin ruwa ne. Larabawa kan ce ƙafarsa a ruwa, kansa a wuta. Wanda ya dasa shi a kan tudun jigawa ba rijiya ya yi asarar kuɗinsa. Wurinsa fadama ne, da bakin madatsun ruwa irin su Sabke da Daberam, da lambunan da ke da rijiya. Sa'an nan akwai masu haɗa wannan aiki da irin da aka sauya wa halitta, kamar waken nan SAMPEA 20-T da aka fitar daga Samaru a 2019, wanda aka sa masa abin da ke kashe tsutsar fure. Gaskiya ne shi ma ta kwalba ya bi kafin ya zama tsiro, amma magana biyu ce. Shi an ƙara masa wani abu daga waje. Dashen dabinon da mu ke magana ba a ƙara masa kome ba, uwarsa ce aka yawaita. Mai son wancan da mai ƙinsa duk suna iya dasa wannan hankali kwance.

Babban haɗarin kuwa shi ne wannan. In masu aiki suka yi haɗama, suka yawaita sinadari ko suka daɗe suna rarraba tsiro a kwalba don su sami da yawa, waɗansu tsirrai kan bauɗe, su fito da kamar uwarsu a ganye amma su ƙi haihuwar kirki. Ya faru a Malesiya a shekarun 1980, inda aka dasa kwakwar manja ta kwalba, aka yi shekaru ana jira, 'ya'yan suka fito a lalace ba mai. Sai a 2015 masana suka gano asalin dalilin. An ga irin wannan ga dabinon Barhi a waɗansu ƙasashen Larabawa. Kamfani mai gona dubu ya iya shanye irin wannan asara. Talaka mai itace ashirin fa? Kuma ku lura, dashen kwalba da dashen ƙwallo a cikin baƙar leda kusan kamarsu ɗaya ga idon wanda bai saba ba. Ranar da aka ce Gwamnati za ta sayi dashen dabino, a ranar 'yan kwangila za su bi bola suna tsintar ƙwallo. Su shuka a leda, su liƙa takarda mai Turanci, a biya su kuɗin na kwalba, a tara jama'a a yi jawabi a ɗauki hoto. Kafin itacen ya yi fure a gane ƙato ne, an yi zaɓe, an sake zaɓe, mai kwangila ya yi gaba. Mun ga yadda a ke yi da taki, mun ga yadda a ke yi da injin ban ruwa. Ƙaryar taki damina guda ta ke tonuwa, ta dabino sai ta shekara shida a rufe.

Saboda haka abin da mu ke nema ba mai yawa ba ne, ba kuma sabon gini mai gilashi mu ke roƙo ba. Ɗakin kwalba yana son lantarki dare da rana, in wuta ta ɗauke kwana biyu aikin shekara ya lalace, kowa kuwa ya san halin wutarmu. Gara a ƙarfafa ɗakunan da a ke da su, a sa musu wuta mai aiki da hasken rana, a biya ma'aikatansu. Abin da ƙasar Daura ke bukata shi ne rumfar yaye. A kafa ta a bakin ruwa, guda a kowace ƙaramar hukuma ta masarautar nan, Daura da Mai'aduwa da Zango da Baure da Sandamu, a kawo 'yan tsirrai daga ɗakin gwaji su ƙarasa girma a iskarmu, a hannun 'ya'yanmu da suka karanta aikin gona suna zaune ba aiki. Jihar Katsina tana cikin jihohi 11 da shirin nan na katangar itatuwa don tare hamada ya shafa, har an kafa masa hukuma a 2015. In ana da kuɗin dasa itacen da ba a ci, ana da na dasa wanda a ke ci.

Kuma kada a raba kyauta. Mun faɗa, mun sake faɗa, kada a raba kyauta. Abin kyauta a hannun mai mulki ya kan zama ladan biyayya, ya bi ta gidan wane da wane, ɗan adawa ya ji labari a rediyo. A sa masa farashi mai sauƙi, a rubuta a allo a ƙofar rumfa, duk wanda ya zo da kuɗinsa a sayar masa ko wace jam'iyya ya ke, a kuma ƙayyade yawan da mutum guda zai saya don kada mai kuɗi ya kwashe. Kowane dashe ya zo da takarda mai lamba, da sunan irin, da sunan ɗakin da ya fito, da alkawarin cewa in ya yi fure ya fito namiji ko ya ƙi haihuwa za a biya manomi, ba dashe kaɗai ba har da wahalarsa. Wanda ya amince da kayansa ba zai ji tsoron sa hannu ba. Kafin ma a sayar wa kowa, a dasa gonar gwaji a fili inda mai wucewa zai gani, gama irin da ya yi kyau a hamadar Maroko ba lalle ya jure laimar watan Agusta a nan ba. A kuma nemi matan dabinonmu na gida waɗanda aka san su da zaƙi da jure damina, a yawaita su, kada a ce sai na baƙi.

'Yan'uwa 'yan kasuwa, kada ku ce wannan zancen manoma ne. Ku ne ke biyan kuɗin mota daga arewa, ku ke biya a kowane shinge, ku ke canjin sefa, sa'an nan ku ne mai saye ke zagi. Dabinon da aka tsinka a Zango ba ya ratsa iyaka. Ƙungiyoyinku suna da asusu, suna da murya, sun kuma fi kowa sanin irin da ke tafiya a kasuwa da wanda ke kwantai. Ku ya kamata a fara tambaya wane iri za a yawaita, ba mai zaune a ofis ba.

Muna umurtar rassanmu na ƙananan hukumomin nan biyar su sa maganar nan a taronsu na gaba. Kowane reshe ya rubuta sunayen unguwanni da ƙauyukan da ke da fadama ko rijiyar lambu, da inda a ke da macen dabino mai kyau wadda mai ita ya yarda a ɗauki ɗan gindinta, a aiko wa sakatare. Duk ɗan majalisar da ya zo gaisuwa ko neman ƙuri'a, a tambaye shi a gaban jama'a nawa aka ware wa dashe a kasafin bana, daga wane ɗaki za a kawo shi, wa kuma zai sa hannu a takardar. A rubuta amsarsa yadda ya faɗe ta, da ranar da wurin, a aiko mana. Za mu buga.